Abin da Ya Sa Inna Ke Cin Tozo Ita Kaɗai

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan ƙanena Sada, akwai maganar da nake son in gyara kafin in bi Inna inda ta tafi. Kun sa ma kakarku suna Inna-mai-tozo. Duk Babbar Sallah sai kun kewaye ta kuna tsokana, wai tsohuwa ba haƙori amma ta fi kura son kitse, ita kuma ta yi ta korar mazanku da mafici tana cewa mijin da bai yi cefane ba ba ya leƙa tukunya. Wasan jika da kaka ne, ban taɓa hanawa ba. Amma bara na ji ɗayanku, ba zan kama suna ba, ya san kansa, yana ba amaryarsa labari wai kakarsu rowa gare ta, ita kaɗai ke cinye tozon sa ko ɗanta ba ta sam mawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. To ku buɗe kunnuwanku. Inna ba ta son tozo. Wallahi ba ta taɓa sonsa ba, ko ƙaurinsa tayar mata da zuciya yake.

Gidanmu na Ƙofar Guga gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Kakanmu yana da wani tabo a fatar idonsa, sama da ƙasa, launin garin ɗorawa, ba ƙaiƙayi ba ciwo. Mahaifinmu ma da ya zama magidanci sai tabon ya fito mashi. Gida ya sa ma abin suna ɗorawar Kaka, aka ɗauke shi alamar cewa jinin gida ya fito sak. Wanda ta fito ma har taƙama yake. Sai al'ada ta biyo baya: duk san da aka yanka don gida, ko layya ko suna ko biki, tozonsa na babban namiji mai ɗorawa ne. A cikin akushin Kaka ake zubawa, uwargida ce ke dafawa ta kai da hannunta, ba a fita da shi waje, ba a ba baƙo. In mai ɗorawa ya ƙi ci kuwa, kamar ya ce ne shi ba magajin gidan ba ne. Ƙanen babanmu, Baffa Ila, tabon bai taɓa fito mashi ba, don haka bai taɓa sa hannu a akushin nan ba. Abin ya tsaya mashi a rai, amma kuma ba wanda ya kai shi tsare al'adar.

Akwai kuma abin da kowa ya sani ba a faɗi da ƙarfi: mazan gidanmu masu ɗorawa ba su yin furfura. Kaka ya rasu gemunsa baƙi wuluk. Baba ya dawo daga kwata wata rana da hantsi, ya zauna bakin zaure ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa. Wasu suka ce sammu ne na abokan sana'a, wasu suka ce gajeren kwana ne na gado. An yi rubutu an sha, an yi sadaka, muka rungumi ƙaddara. Baba ya bar mu mu uku hannun Inna: Yaya Lawal ɗan fari, ni Dije, sai Sada auta. Kuma dukanmu ukun, da muka girma, ɗorawa ta fito mana. Ni har kwalli nake ja a hankali don kada in rufe ta.

Shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, garin Katsina ya rikice da siyasa. Ko'ina hotuna a bango, motoci da lasifika suna zagaya gari tun daga Ƙofar 'Yandaka har cikin lungunanmu, kowa na cewa lokacin canji ya zo. Mahauta kuwa kakarsu ce ta yanke saƙa, don ba taron da za a watse ba a kayar da sa ba. Yaya Lawal ba ya zama. Ana cikin haka, wata safiya yana tsaye a kwata da wuƙa a hannunsa, sai ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya sulale ƙasa. Ko asibiti ba a kai ba. Mutum ne tsayayye, ko ciwon kai ban taɓa jin ya yi kuka da shi ba.

Kun san al'adarmu game da ɗan fari. Tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". Ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa gaban mutane, kunya ba ta bari. Ranar da aka fitar da gawarsa ta zauren da aka fitar da ubansa, mata na ta kuka, ita tana zaune kan tabarmarta da carbi, idonta a bushe.

"Yaron nan ya tafi ke nan," ta ce. "Allah ya jiƙan Musulmi."

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ban ga hawayenta ba har aka share makoki.

Ni a lokacin ina gidan mijina ina ɗinki da keken ƙafa. Na daɗe ina jin wasu ƙullutai a agarata, bayan diddige, na ɗauka taka keke ne ya jawo. Da suka fara hana ni sa takalmi, maigidana ya matsa na je asibiti. Likitan wani dattijo ne marar gaggawa. Ya lallatsa agarar, ya duba bayan yatsuna, sannan ya ɗago ya tsura ma idona ido har na tsargu na ja mayafi.

"Hajiya, wannan tabon na idonki, ke kaɗai ke da shi a gidanku?"

Na ce, da 'yar taƙamata, "A'a likita, ai gadonmu ne."

"Mahaifinki yana da rai?"

"Ya rasu."

"Ya tsufa?"

Na girgiza kai.

"Akwai wani kuma da ya faɗi haka nan ba jinya?"

Ban gaya mashi komai ba, ga shi yana karanta mani gidanmu kamar a zaurenmu ya girma. Ya sa na dawo da safe ban karya ba aka ɗebi jinina. Da sakamako ya fito ya zaunar da ni ya yi mani bayani da Hausa tsantsa. Ya ce akwai wani irin kitse da ke yawo cikin jinin kowa, su suna ce mashi kolestarol, hanta ce ke tace shi. Mu kuma an haife mu da hantar da ba ta tacewa yadda ya kamata, sai ya yi ta taruwa tun muna yara yana liƙewa a hanyoyin jini, kamar yadda maiƙo ke toshe kwatami, har ranar da hanyar zuciya za ta rufe. Wanda ya rasa wurin zama shi ne ke fitowa a fatar ido da agara. Gado ne, ya ce, wani ɗa ya ɗauka wani bai ɗauka ba.

Na ce, "To likita, ni da ko ƙiba ba ni da ita?"

"Ba ruwansa da ƙiba. Kuma kada ki ce barin nama kaɗai zai isa, ba zai isa ba. Ƙwaya za ki riƙa sha kullum har ƙarshen rayuwarki, sannan ki gyara tukunyarki, ki riƙa tafiya a ƙafa. Ɗaya ba ya yi sai da ɗaya. Ki kawo mani 'ya'yanki a gwada su, da duk wani mai irin wannan tabon."

Na fito asibitin nan ina jin haushin da ban san wa zan sauke ma ba. Abin da muke taƙama da shi, ashe sallama ce mutuwa ke yi mana a bakin ƙofa, mu kuma muna shimfiɗa mata tabarma, muna ƙara mata da tozo.

Na fara shan ƙwaya, wadda a lokacin ba kowane kanti ke da ita ba, wani sa'in sai an yi saƙo Kano. Na sauke kwalbar man shanu daga kan kanta na ba maƙwabciya. Na bar kayan ciki, na bar ƙwaƙwalwa da ɓargo, ni da aka yaye ni da su. Fura sai da tsala, ba kindirmo mai maiƙo ba. Wake, zogale, kuɓewa, kifi in an samu, man gyaɗa ɗan kaɗan a bakin cokali. Ba zan yi maku ƙarya ba, tuwon farko da na ci ba man shanu sai da na yi ƙwalla, kamar ka gai da mutum ya ƙi amsawa. Da yamma in ja mayafi in taka har hasumiyar Gobarau in dawo, mata na tambaya ko lafiya, wa ya rasu. Aka gwada ku 'ya'yana, biyu cikinku sun ɗauko, kun san kanku. Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne Sada, don shi kaɗai ya rage namiji mai ɗorawa, kuma ga Babbar Sallah na matsowa, akushin Kaka na jiransa.

Na iske shi a zaure yana wasa wuƙaƙe. Na zayyana mashi komai. Ya saurara har na gama, sannan ya kwashe da dariya ya ɗaga rigarsa.

"Yaya Dije, dubi nan don Allah. Haƙarƙarina ana ƙirgawa. Ni da nake kamar sillen kara, ina kitsen ya ɓuya?"

"Yaya Lawal ƙato ne? Baba ƙato ne?"

"Kwanansu ne ya ƙare. Ko likitan naki shi ke riƙe da kwanan mutane?"

"Ba shi ke riƙe da shi ba, amma Wanda ke riƙe da shi ai Shi ya saukar da magani. Kai dai ka je a ɗebi jininka."

"In je in dawo in ce ma mutane mahauci na tsoron nama? A kwata da wane ido za a dube ni? Ki bar ni, Yaya."

Kun san bakina. Na ce mashi sakarai, na ce in ya mutu ya bar marayu shi ya so. Ya ce in fita mashi daga zaure. Na wuce cikin gida da zafina, na tarar da Inna tana tsince shinkafa, na juye mata maganar gaba ɗaya ba ko sassauci. Na ce tabon nan ciwo ne, na ce tozon nan ƙara ma wuta itace ne, na ce a bana kada a kuskura a ba Sada. Ta ajiye faifan a hankali.

"Wa ke dafa tozon gidan nan?"

"Ke ce, Inna."

"Wa ke kai masu?"

"Ke ce."

"To ashe ni na kashe su ke nan. Faɗi mana, tunda kin yi ilimin asibiti. Ni na kashe ubanku, ni na kashe yaron nan."

"Inna, ba haka nake nufi ba, ciwon a jininsu yake tun..."

"Tashi ki tafi gidan mijinki. Kada ki ƙara kawo mani wannan magana."

Na tashi na tafi. Aka yi zaɓe aka gama, gari na ta murna da gardama, ni ban taka Ƙofar Guga ba. Ina ɗinkin Sallar mutane ina kuka, don ina ganin ƙanena zai bi yayana kuma na ɓata hanyar da zan bi in cece shi. Matar Sada ta aiko mani a ɓoye cewa in ya ɗauko cinyar sa daga bakin titi zuwa gida sai ya tsaya ya dafa bango yana haki, in ta yi magana ya ce gajiya ce.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, da azahar, sai ga sallamar Inna a tsakar gidana. Na firgita, don Inna ba ta zuwa gidan suruki sai da babban dalili. Ta ce wai riga ta kawo in rage mata wuya. Rigar kuwa lafiyarta lau. Ta zauna muka gaisa kamar baƙi, ta tambayi maigida, ta tambayi yara, ta tambayi aiki. Can ta ce in miƙo ƙafata. Ta lallatsa agarata da yatsunta, ta daɗe tana shafawa.

"Ubanku ma yana da wannan. Ni ke shafa mashi man zafi a kai."

Na bar ta ta ci gaba, don na koyi darasi.

"Ƙwayar da kike sha, kwana take ƙarawa?"

"Ba ta ƙara kwana, Inna. Sababi ce kawai."

"Baffanku Ila da tabon bai fito ma ba, ga shi nan har ya fara dogara sanda."

"Haka ne."

"Ni fa? Ina da shi, ciwon?"

"Ke ba jininsu ba ce, Inna, aure ya kawo ki. Iyayenki kuma duk sun tsufa tukuf."

Ta gyaɗa kai, ta naɗe rigarta ba a rage komai ba, ta ce in zo da yara ran Sallah kada in sa a yi da ita a gari.

Ran Sallah aka kayar da sa kamar kullum. Washegari da hantsi gida ya cika, Baffa Ila da 'ya'yansa da abokan sana'a suna zaune a rumfar tsakar gida. Sada ya sha sabuwar riga, ya wanke hannu, ya zauna a wurin da Yaya Lawal ya zauna bara. Ni ina bakin madafa ina kallo. Na san in na buɗe baki a nan na tozarta shi gaban maza, kuma don ya nuna shi namiji ne sai ya siɗe akushin tas. Inna ta fito da akushin Kaka a hannu biyu, maiƙo na ƙyalli a kai. Ta nufo Sada, har ya gyara zama. Sai ta wuce shi. Ta je kan tabarmarta, ta zauna, ta ajiye akushin a gabanta, ta yi bisimilla ta kai loma.

Baffa Ila ne ya fara samun bakinsa.

"Subhanallahi! Yaya, me kike yi haka? Wannan ai na magaji ne!"

"Na magaji ne, ni kuma na haifi magajin," in ji Inna, bakinta cike. "Tun ina amarya nake dafa abin nan hayaƙi na cin idona, ba wanda ya taɓa cewa in ɗanɗana. To na tsufa, kwaɗayi ya kama ni. Daga bana nawa ne. An ce ba a fita da shi waje, ga ni a cikin gida. Sada, za ka ƙwace abinci a bakin uwarka?"

Sada ya sunkuyar da kai. "Wane ni, Inna."

"To wanda ya isa ya zo ya karɓa."

Wani daga cikin mahautan ya tuntsire da dariya ya ce tsohuwa ta yi juyin mulki ana shirin ba farar hula. Kowa ya dara, abin ya zama raha. Ba wanda ya ce Sada ya ji tsoron nama, sai dai a ce uwarsa ta fi ƙarfinsa, wannan kuwa ba abin kunya ba ne ga kowane ɗa. Baffa Ila kaɗai ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita, kuma bai ƙara cin Sallah a gidan ba har ya rasu.

Inna ta ci abin da za ta iya, ta rufe sauran ta kai ɗakinta. Jim kaɗan na ga ta zagaya bayan ɗaki da sauri. Na ɗauki buta na bi ta. Na same ta durƙushe tana amai kamar za ta fitar da hanjinta. Na riƙe mata goshi, na zuba mata ruwa ta kurkure baki. Ban san Sada ya biyo mu ba sai da na ga inuwarsa. Inna ta ɗago, idonta jawur, hawaye na bin fuskarta, ta dube shi.

"Na kai ma ubanku da hannuna, aka fitar da shi ta zauren nan. Na kai ma Lawal."

Ta tsaya. Ni da Sada muka dubi juna, don tun da muka zo duniya ba mu taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

"Na kai ma Lawal ɗina," ta sake cewa. "Ban taɓa kiransa ya amsa ba, ga shi ina kira ba ya ji. Kai kaɗai ka rage mani a maza. Ban sani ba ko likita ya yi gaskiya ko bai yi ba, amma hannuna ba zai ƙara miƙa akushin nan ga ɗan da na haifa ba. Ka bi yayarka asibiti."

Sada ya durƙusa a wurin yana kuka kamar yaro. Da aka koma aiki bayan Sallah ya zo da kansa ya ce in raka shi, bai karya ba. Jininsa ya fi nawa muni. Aka ɗora shi kan ƙwaya, da wasu magungunan na zuciya, matarsa ta zo ta koyi girki a madafata. Yana yanka nama yana sayarwa, ya dawo gida ya ci wake da zogale, in an tsokane shi ya ce mai tuwo ba ya cin ribarsa. Ba sau ɗaya ba ya gaji ya ajiye maganin, ni kuma in je in tayar mashi da hankali har ya koma.

Inna ce ta sa mu alkawarin kada mu faɗi dalili tana da rai. Ta ce kwaɗayin tsohuwa abin dariya ne, kowa zai yafe, a bar shi a haka. Shi ya sa kuka taso kuna ganinta duk Sallah da akushi a gabanta tana korarku da mafici. Ba ku taɓa lura ba cewa ni kullum ina kusa da buta.

To yanzu kun ji. Masu shan ƙwaya cikinku ku sha, kada ku ce kun ji sauƙi, don ciwon nan ba a jinsa. Ku kai 'ya'yanku a gwada su tun tabo bai fito ba. Ni ga ni nan na ga jikokina, har ina mantuwa irin ta tsufa, abin da ban taɓa zaton zan kai ba.

Sallarta ta ƙarshe, jikinta ya yi rauni ko lomar ba ta iya kaiwa, amma ta sa aka ajiye mata akushin a gabanta. Sada ya zo gaishe ta ya durƙusa. Ta ce ya matso. Ya matso. Ta kama gemunsa ta jawo shi dab da idonta, tana tona shi da yatsu kamar mai tsince shinkafa.

"Dije, zo ki duba mani, idona ba ya gani sosai. Wannan fari-farin mene ne?"

Na ce, "Furfura ce, Inna."

Ta riƙe gemun nan ta ƙi saki, tana dariya tana hawaye.

"Furfura," ta ce. "Ashe haka take a fuskarsu."